Masu Bautar Ishtar A Wannan Zamani Da Hujjar Annabi Ibrahimu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya ƙawata sama da taurari. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya saba fita masallaci da asuba ya san Gamzaki, tauraron nan mai tsananin haske da ke tsayawa a gabas kafin gari ya waye. Haka kuma wanda ya ɗaga kai bayan magariba, a waɗansu watanni, yakan ga Zara a yamma, wadda Hausawa ke ce wa matar wata. Masana taurari sun tabbatar da cewa waɗannan biyu abu ɗaya ne, shi ne Larabawa ke kira Zuhara. Bahaushe ya dube ta ya san lokaci ya yi, sai ya ɗauki butarsa. Amma akwai mutanen da suka dube ta suka faɗi suka yi sujada, suka gina mata ɗakuna, suka yanka mata dabbobi, har tsawon shekara fiye da 3,000. Waɗannan su ne mutanen ƙasar da ke tsakanin kogin Dajla da kogin Furatu, watau Iraƙi ta yau. Sumeriyawa sun kira ta Inanna, mutanen Akkad da Babila da Ashur kuwa suka kira ta Ishtar.

Wannan bauta ta mutu tuntuni, ƙasa ta rufe ɗakunanta, aka manta da harshen da ake yi mata kirari. To, abin mamaki shi ne a wannan zamani na jirgin sama da kumbo an sami waɗansu mutane a Amurka da Ingila da sauran ƙasashen Turai, masu ilmin boko mai zurfi, sun tono ta sun kakkaɓe, sun ajiye a ɗakunansu suna kunna mata turare. Ya kamata mai karatu ya san yadda haka ta faru, da abin da Alƙur'ani mai girma ya riga ya faɗa a kan wannan al'amari tun da daɗewa.

WACE CE ISHTAR?

Babban ɗakin bautarta yana birnin Uruk, wanda kufansa yake a kudancin Iraƙi, ana kiransa Warka. Sunan ɗakin Eanna, watau ɗakin sama. Alamominta su ne tauraro mai tsinke takwas da zaki. Masu bautarta sun danƙa mata abu biyu, sha'awa da yaƙi, saboda haka mai neman soyayya yana roƙonta, sarkin da zai fita kame bayi shi ma yana roƙonta. A mafi yawan labaransu sun ce ita 'yar wata ce, wanda suke kira Nanna ko Sin, kuma rana ɗan'uwanta ne, wanda suke kira Utu ko Shamash. A kan duwatsun da sarakunan Babila ke sassaƙawa domin shaidar kyautar gona akan ga alamu uku a jere daga sama: jinjirin wata, da rana, da tauraron Ishtar. Mai karatu ya riƙe waɗannan uku, domin za a dawo kansu.

Labarin da ya fi shahara game da ita shi ne na saukarta zuwa ƙasar matattu, inda 'yar'uwarta Ereshkigal ke sarauta. Suka ce ƙofofi bakwai ta wuce, a kowace ƙofa ana tuɓe mata abu ɗaya na ado ko na sarauta, har ta isa ba ta da kome. Can aka kashe ta, aka rataye gawarta a jikin ƙugiya kwana uku. Baiwarta ta bi manyan gumaka tana roƙo, biyu suka ƙi, na uku mai suna Enki ya aika aka yayyafa mata abin da ya tashe ta. Amma aka ce ba za ta fita ba sai ta ba da wani a madadinta. Da ta dawo ta tarar da mijinta Dumuzi zaune a kan gado cikin ado, ba ya makoki, sai ta ce a tafi da shi. Wannan Dumuzi shi ne Tammuz, wanda mata ke yi wa kuka kowace shekara a lokacin zafi. Littattafan Bani Isra'ila sun ambaci mata masu kukan Tammuz a ƙofar Haikali, da masu toya waina domin wadda suke kira sarauniyar sama, Annabawansu suna yi musu faɗa. Ibnun Nadim ma, a cikin littafinsa Alfihrist na wajen shekara ta 987 Miladiyya, ya ba da labarin matan Harran suna wannan kuka a zamanin Musulunci. Har yau watan Yuli a Iraƙi da Sham sunansa Tammuz, ko da yake yawancin masu faɗar sunan ba su san asalinsa ba.

A cikin labarin Gilgamesh, sarkin Uruk, an nuna ta ta nemi sarkin ya aure ta, shi kuwa ya ƙi, ya lissafa mata masoyanta na baya da irin wulaƙancin da ta yi wa kowannensu. Ta fusata ta hau wurin babban gunkinsu na sama tana kuka, ta karɓo wani bijimi domin ya hallaka garin. Waɗannan labarai daga hannun masu bautarta suka fito, su suka rubuta su a kan yumɓu.

YADDA AKA TONO TA

Mutanen wannan ƙasa suna rubutu ne a kan allunan yumɓu da tsinken kara, rubutu mai kama da ƙananan ƙusoshi. Allo na ƙarshe da aka sani an rubuta shi a ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa (Alaihis Salam), daga nan ba a sake samun mai iya karanta shi ba har shekara wajen 1,800. A tsakiyar ƙarni na 19 Turawa suka fara tonon kufan Ninawa, garin mutanen Annabi Yunusa, daura da Mausil, suka sami dubban alluna na sarki Ashurbanipal suka kai Landan. A 1857 aka ba masana huɗu rubutu ɗaya, kowa ya fassara shi kaɗai ya rufe a ambulan, da aka buɗe aka ga fassarorin sun yi kusa da juna, sai aka tabbata an gano bakin zaren. Daga 1899 wani Bajamushe mai suna Robert Koldewey ya yi shekaru yana tonon Babila, kusa da garin Hilla, ya gano ƙofar Ishtar wadda sarki Bukhtanasar na biyu ya gina a ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa, aka kwashi tubalinta masu shuɗin ƙyalli aka sake gina ta a Balin, aka buɗe wa jama'a a 1930. A birnin Ur kuma Leonard Woolley ya gano wani faifan dutse mai ɗauke da sunan Enheduanna, 'yar sarki Sargon na Akkad, wadda ta rayu wajen shekara 2,300 kafin haihuwar Annabi Isa, ita ce ake jingina wa waɗansu waƙoƙin yabon Inanna.

Wannan aiki na masana tarihi ba laifi ba ne. Alƙur'ani da kansa ya yi umarni a wurare da yawa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance. Amma abin da wani ya duba ya ɗauki wa'azi, wani ya duba ya ɗauki gunki.

MASU BAUTAR YAU

A 1951 Ingila ta soke tsohuwar dokarta ta hana maita. Bayan shekara uku, a 1954, wani tsohon ma'aikacin gwamnatin mulkin mallaka mai suna Gerald Gardner ya buga littafi yana tallar wani addini da aka sani yanzu da suna Wika, mai bautar gunki mace da gunki namiji. Addinin ya haye Amurka, ya haɗu da guguwar neman 'yancin mata ta shekarun 1970. A 1976 Merlin Stone ta fitar da littafi tana cewa mutanen farko mace suke bauta wa, maza ne suka ƙwace addini daga baya. A 1981 wata mai ilmin halayyar ɗan Adam, Sylvia Perera, ta ɗauki labarin ƙofofi bakwai ta mai da shi hanyar jiyyar mata masu ciwon zuciya da damuwa. A 1983 kuma Diane Wolkstein, mai sana'ar ba da labari, ta haɗa kai da babban masanin harshen Sumeriyawa, Samuel Noah Kramer, suka fitar da labaran Inanna cikin Turanci mai sauƙi. Wannan littafi shi ne ya shigar da sunanta gidaje. Daga baya jami'ar Okasfod ta sa fassarar rubuce-rubucen Sumeriyawa kusan 400 a intanet, kowa yana iya karantawa kyauta.

Yawansu ba shi da girma, amma yana ƙaruwa. A ƙidayar jama'a ta Ingila da Wales ta 2011 mutum wajen 57,000 ne suka rubuta cewa su masu bautar gumaka ne. A ta 2021 sun kai wajen 74,000, ban da wajen 13,000 da suka rubuta Wika. A Amurka, a 2007, hukuma ta yarda a riƙa sa alamar Wika a kan kaburburan sojojin da suka mutu a kan wannan addini. Ba duk waɗannan ke bautar Ishtar ba, waɗansu gumakan Girka suke bi, waɗansu na Masar, waɗansu na tsofaffin Turawan arewa. Amma sunanta yana cikin waɗanda aka fi kira a tarukansu.

Yadda suke yi kuwa shi ne, mutum ya keɓe tebur a ɗakinsa, ya ɗora hoto ko mutum-mutumi irin wanda ake sayarwa a shagon gidan kayan tarihi, da tauraro mai tsinke takwas, da kyandir da turare. Ya ajiye dabino da gurasa da giya, ya karanta fassarar waƙoƙin Enheduanna, musamman ranar da Zara ta sake bayyana bayan ɓuyanta, ko daren tsayuwar wata. Waɗansu sukan taru su kwaikwayi ƙofofi bakwai, a kowace ƙofa mutum ya ajiye abu ɗaya da ya dame shi. Gaskiya ita ce galibinsu ba sa yanka, kuma ba matsafa masu shan jini ba ne irin na tatsuniya. Malaman makaranta ne da ma'aikatan asibiti da na ofis. Kuma kansu ba haɗe yake ba. Akwai masu cewa Ishtar tana nan da rai tana jin su, akwai masu cewa suna ne kawai na wata babbar uwa da ke bayyana a kowace al'umma, akwai kuma masu cewa ba kowa ba ce face wani sashe na zuciyar mutum.

Ruwa ba ya tsami banza. Waɗanda suka binciki waɗannan mutane sun ga da yawansu sun tashi ne a gidajen da addini ya zama al'ada ba ruhi, ko inda aka nuna musu Ubangiji da surar dattijo namiji a jikin bango, ko inda aka cuci mace da sunan addini. Waɗansu kuma kaɗaici da rayuwar neman abin duniya ce ta gajiyar da su. Ƙishirwarsu gaskiya ce, domin Allah Ya halicci ɗan Adam da buƙatar bauta. Sai dai mai ƙishirwa ba ya zaɓen rijiya in ba a nuna masa ba.

HUJJAR ANNABI IBRAHIMU

Malaman tarihi na Musulunci sun ce a ƙasar Babila aka haifi Annabi Ibrahimu (Alaihis Salam), sa'an nan ya zauna a Harran, garin da ya shahara da bautar wata da taurari. A cikin Suratul An'am, daga aya ta 74 zuwa ta 83, Allah Ya ba da labarin yadda ya kafa wa mutanensa hujja. Da dare ya rufe ya ga tauraro, ya yi magana kamar zai karɓe shi a matsayin ubangiji, da tauraron ya faɗi sai ya bayyana musu cewa shi ba ya son abin da ke faɗuwa. Ya yi haka da wata, ya yi haka da rana wadda ta fi su girma, da ita ma ta faɗi sai ya barranta daga shirkarsu, ya fuskantar da kansa ga wanda Ya ƙagi sammai da ƙasa. Malamai irin su Ibnu Kasir sun rinjayar da cewa muhawara yake yi da su, ba shakka yake yi ba, watau ya bi su ta hanyar da suka sani domin ya kai su inda ba su zata ba. A tafsirin Jalalaini kuma an kawo cewa tauraron nan Zuhara ce.

To, mai karatu ya tuna da alamu uku na kan duwatsun Babila. Tauraro da wata da rana, su ne Ishtar da Sin da Shamash. Duwatsun suna binne a ƙasa lokacin da aka saukar da wannan sura a Makka, aka tono yawancinsu bayan shekara fiye da 1,200, aka tarar da abubuwan nan uku a jere.

Hujjar a sarari take. Abin da ke fitowa ya faɗi a kan lokaci, ba ya iya gabata ba ya iya jinkirta, to hore shi aka yi, kuma horarre ba ya zama Ubangiji. Mutanen Babila sun san wannan fiye da kowa, domin an sami allonsu da ya lissafa fitowar Zara da ɓuyanta na shekara 21 a zamanin sarki Ammisaduƙa. Sun ƙidaya tafiyarta kamar yadda ake ƙidaya tafiyar bawa, sa'an nan suka juya suka roƙe ta. Yau an san zagayenta, a ganin mai kallo daga ƙasa, kwana 584 ne. Takan yi wajen wata takwas da rabi a yamma, ta ɓace kamar mako ɗaya, ta ɓullo a gabas ta yi kamar haka, sa'an nan ta ɓuya bayan rana wajen kwana 50. Masana da yawa suna ganin wannan ɓuya ce aka mayar labarin sauka zuwa ƙasar matattu. Ashe faɗuwar da Annabi Ibrahimu ya kafa hujja da ita, ita ce masu bautar yau suka mayar ginshiƙin ibadarsu. Wadda aka tuɓe, aka kashe, aka rataye, ta jira wani ya cece ta, sa'an nan ta fanshi kanta da mijinta, yaya za ta ceci mai kiranta?

Allah kuma Ya hore wa ɗan Adam ya leƙa wurin da idonsa. A watan Disamba na 1970 kumbon Tarayyar Sobiyet mai suna Benera na 7 ya sauka a kan Zara, a 1975 wani ya aiko da hoton farko, a 1982 na 13 ya yi minti 127 yana aiki kafin zafi ya kashe shi. Abin da aka tarar dutse ne da ƙuna. Zafin wurin ya haura digiri 460, ya isa ya narkar da darma, nauyin iskarsa ya ninka na duniya wajen sau 90, gizagizansa kuwa na irin ruwan nan ne mai ƙuna da ake zuba wa batirin mota. Hasken da ake gani ma ba nata ba ne, na rana ne yake dawowa. Masana sun laƙaba wa wani tudu a can sunan Ishtar, iyakar rabonta ke nan daga wurin.

Masu cewa ita alama ce kawai ta abin da ke cikin zuciya, Alƙur'ani ya riga ya amsa musu. A Suratun Najmi, bayan an ambaci Lata da Uzza da Manata, an bayyana cewa sunaye ne kawai da mutane da iyayensu suka ƙirƙira ba da wani dalili daga Allah ba, kuma zato suke bi da son zuciya. A Suratul Jasiya an ambaci wanda ya riƙi son zuciyarsa abin bautarsa. Wanda ya zaɓi gunki daga littafi, ya ɗauki abin da ya yi masa daɗi ya bar yaƙi da kame bayi da yanka, shi ya halicci abin bautarsa, ba abin bautar ne ya halicce shi ba. Babu isnadi a wannan addini, babu malami da ya karɓa daga malami. Allunan ma fasassu ne, da giɓi a tsakiyar layi, har babban masani Leo Oppenheim ya yi gargaɗi a littafinsa na 1964 cewa abin da ya saura bai isa a rubuta cikakken bayanin addinin mutanen nan ba.

MAGANAR MATA

Babbar da'awarsu ita ce bautar gunki mace tana ɗaukaka mace. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Dokokin Hammurabi, sarkin Babila, na wajen shekara 1,750 kafin haihuwar Annabi Isa, sun yarda wanda bashi ya ci ya ba da matarsa ko 'yarsa ta yi bauta shekara uku. Sun ce matar da aka nuna da yatsa a kan zina, ko ba a kama ta ba, ta faɗa kogi domin a gane gaskiyarta. Dokokin Ashur kuwa sun ce baiwar da aka kama ta rufe kanta a yanke mata kunnuwa. Duk wannan yana faruwa ne alhali ɗakunan Ishtar suna cike da turare. Larabawan jahiliyya ma gumaka mata uku suke girmamawa, suna kiransu 'ya'yan Allah mata, amma a cikinsu akwai wanda fuskarsa ke baƙi in an yi masa bushara da 'ya mace, har ya turbuɗe ta da rai, kamar yadda Suratun Nahli da Suratut Takwir suka nuna. Tauhidi ne ya hana wannan, ya ba mace gado da sadaki da haƙƙin a nemi yardarta kafin aure. Kuma Allah ba namiji ba ne, ba mace ba ne, babu abin da ya yi kama da Shi, kamar yadda Suratush Shura da Suratul Ikhlasi suka tabbatar.

Amma fa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Duk Musulmin da ya danne gadon marainiya, ko ya saki mace ya kore ta da 'ya'ya ba ci ba sha, ko ya hana 'yarsa ilmi, ya sani yana buɗe ƙofar da irin wannan kira ke shigowa. Wanda aka zalunta da sunan addini yakan tsani addinin, ba ya tsayawa ya bambanta tsakanin shari'a da mai karya ta.

Haka kuma adalci ya wajaba ko a kan abokin gaba. Labarin da Bagirke Herodotus ya bayar, cewa kowace mace a Babila sai ta sayar da kanta sau ɗaya a ɗakin gunki, masana da yawa a yau suna shakkarsa, saboda haka bai kamata mai wa'azi ya dogara da shi ba. Labarin da ake yaɗawa cewa Zuhara mace ce da ta fitini Haruta da Maruta aka mai da ita tauraro, Ibnu Kasir ya ce daga labaran Bani Isra'ila yake, ba maganar Annabi ba ce. Masu cewa jinjirin wata da tauraro na kan hasumiyar masallaci ragowar Sin da Ishtar ne, su ma sun ɓata. Annabi da sahabbansa ba su yi amfani da wannan alama ba, a zamanin daular Usmaniyya ta Turkiyya ta bazu, kuma aya ta 37 ta Suratu Fussilat ta hana sujada ga rana da wata da lafazi bayyananne.

ABIN DA YA SHAFI MUSULMI

Wani zai ce wannan ciwon Turawa ne. To, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ake rubutawa a Landan da safe, yaro yana karanta shi a wayarsa a Kano ko Damagaram kafin azahar, sau da yawa cikin rigar wasa ko fim ko maganin damuwa. Kuma tushen ciwon ba baƙo ba ne. Babu wata hujja ta tarihi da ta haɗa Inanna da Innar 'yan bori, kamannin suna ne kawai, amma neman biyan buƙata daga wanin Allah iri ɗaya ne ko'ina. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya yi gargaɗi a kan masu girmama itatuwa da duwatsu da yi musu yanka, da masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zanen ƙasa ko taurari.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Zaidu ɗan Khalid cewa an yi ruwa da dare a Hudaibiyya, da asuba Manzon Allah (Sallallahu Alaihi Wasallama) ya sanar da sahabbai cewa wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da rahamarSa ya yi imani da Allah, wanda kuwa ya jingina shi ga tauraro kaza ya yi imani da tauraro. Imamu Shafi'i ya bambanta tsakanin wanda ya ɗauka tauraron ne ke saukar da ruwa da wanda yake nufin lokaci kawai. Saboda haka manomin da ya dubi Kaza da 'ya'yanta ya ce damina ta kusa, ko matafiyin da ya gane alƙibla da tauraro, ba su yi laifi ba. Laifi yana ga wanda ke duba taurarin watan haihuwarsa domin ya san sa'arsa ta mako, ko ya je wa boka a buga masa ƙasa kafin aure ko tafiya. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. A ranar da Ibrahimu ɗan Manzon Allah ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, Annabi kuwa, yana cikin baƙin ciki, ya gyara musu cewa rana da wata ayoyin Allah ne, ba sa husufi domin mutuwar wani ko rayuwarsa.

Game da su masu bautar kuwa, Musulmin da ke zaune tare da su a wurin aiki ko makaranta ya sani aya ta 108 ta Suratul An'am ta hana zagin abin da suke kira, domin kada su rama da zagin Allah bisa jahilci, aya ta 256 ta Suratul Baƙara ta hana tilastawa a addini, aya ta 125 ta Suratun Nahli kuma ta yi umarni da kira cikin hikima da kyakkyawan wa'azi. Haka nan allunan yumɓu da kufan Babila, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2019, shaidu ne da ke karantar da mai hankali yadda ƙarshen masu girman kai yake. Hanyar Annabi Ibrahimu ita ce a zauna da mutum a dubi sama tare, a jira abin da yake bauta wa ya faɗi, sa'an nan a tambaye shi wa ya faɗar da shi. Amma wannan ba ya rage nauyin al'amarin, domin Suratun Nisa'i ta faɗa har sau biyu cewa shirka ita ce zunubin da Allah ba Ya gafartawa ga wanda ya mutu a kansa.

Wajibi ne a kan iyaye da malaman makarantun allo da na Islamiyya su karantar da yara tauhidi da hujjarsa, ba hadda kaɗai ba, su kuma san abin da yaran ke karantawa. Uban da ya fita da ɗansa sallar asuba ya nuna masa Gamzaki, ya gaya masa labarin Annabi Ibrahimu a hanya, ya ba shi rigakafin da zai daɗe yana amfani da shi.

Allah Ya tabbatar da zukatan Musulmi a kan tauhidi, Ya shiryi waɗanda suka ɓace, Ya sa a cika da kalmar shahada. Amin.